Ƙafar zamani a jikin tsohuwar Fijo: ga abin da ya same ni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san tawa ta zarce tsawon da kuka saba bugawa. In almakashi ya zama dole, a rage ko'ina, amma don Allah a bar mini wurin da na yi maganar awo.

Kwanakin baya kun buga hotunan tsofaffin motocin da samari ke farfaɗowa, kuma na ji daɗin ganin yara sun daina tura motocin iyayensu wurin 'yan gwangwan. Abin da ya hana ni barci shi ne yabon da aka yi wa wata daga ciki, wadda aka ce an cire mata ƙafar gaba, wato ƙarafan da ke haɗa tayoyin gaba da jikin mota, gaba ɗaya an dasa mata ta zamani, wai yanzu tana tafiya kamar sabuwa. Ni ma an taɓa gaya mini haka a kan tawa motar, na yarda, na biya, kuma saura ƙiris iyalina su karɓi gaisuwa.

Na yi shekara 31 ina koyar da zanen fasaha da aikin ƙarfe a makarantar koyon sana'a kafin na yi ritaya. Na faɗi wannan ne don a san girman wautata, ba don a yaba mini ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rage wa ɗalibai maki a kan kuskuren milimita ɗaya, shi ne ya tsaya hannu a aljihu aka auna gaban motar mahaifinsa da igiyar shanya.

Motar Fijo 504 ce salun, fara, haɗin Kaduna, wadda marigayi mahaifina ya saya da bashin mota a 1982. Masu shekaruna ba sa buƙatar a gaya musu mece ce 504. Ta fito a Faransa a 1968, aka ba ta kambun motar shekara ta Turai a 1969, masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da haɗa ta a nan har shekaru ashirin da wani abu bayan Turawa sun daina yi wa kansu salun ɗin. Ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a kan burji da taɓo da gargada, kamar yadda yayarta 404 ta lashe shi sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Abin da ya ba su wannan nasara ba ƙarfin inji ba ne, don injin 504 na yau da kullum bai cika lita biyu ba. Ƙafa ce. Doguwar ƙafa mai filin hawa da sauka, mai haɗiye rami ba tare da ta jefar da direba ba. To wannan ƙafar ce na bari aka yanke.

Ba zan ce ba dalili ba. Motar ta tsufa. In ta kai gudun tamanin sai sitiyari ya kama rawa kamar mai zazzaɓi, in ta faɗa rami sai ka ji ƙwal daga dama, a kan miƙaƙƙen titi kuma tana yawo, kana gyara ta hagu tana zamewa dama. Na kai ta gareji sau uku, ana canza wannan ana canza wancan, bayan wata biyu ciwon ya dawo.

Ana nan sai ɗan ƙanwata ya zo hutu. Yaro ne mai hankali, yana son motar har ransa, shi ke wanke ta ba a sa shi ba. Wata rana bayan la'asar ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi yadda ake yi a Amurka. Wannan ƙafar taku ta zamanin da ce, shi ya sa take wahalar da kai." Na sa tabarau na kalla. Wani Bature ne a garejin gidansa, ya kwance ƙafar gaban tsohuwar a-kori-kura ƙirar Ford F-100, ya turo wata ƙafa sukutum da birkinta da sitiyarinta, ya huda ramuka, ya ɗaure, ya sauke mota. Cikin kwana biyu an gama, har da kiɗa.

Abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, kuma sai daga baya na zauna na fahimci dalilin da ya sa yake yiwuwa a can. Ƙafar da suke ɗauka ta Ford Crown Victoria ce, ƙirar 2003 zuwa 2011, motar da 'yan sanda da 'yan tasi na Amurka suka yi ta amfani da ita, don haka tana nan jibge a wuraren tsofaffin motoci da araha. Kamfanin ya ƙera ƙafar ne a dunƙule a kan gada guda ta alminiyam: hannun sama da hannun ƙasa masu riƙe taya, sifirin, shokazoba, sitiyari, kusan duk a jikinta suke, kuma manyan kusoshi huɗu ne ke riƙe gadar da shasi. Ma'ana, kusan duk wani kusurwa da injiniyoyi suka lissafa yana tafiya tare da ita duk inda aka kai ta. Ita kuwa F-100 shasinta daban, jikinta daban. Tsani ne na ƙarfe a kwance aka ɗora wa ɗaki, faɗinsa wajen inci 34, kuma aka yi sa'a ya yi kusan daidai da mazaunin waccan gadar. Kafin wannan, shekara da shekaru masu irin wannan sha'awa a can ƙafar Mustang II ta 1974 zuwa 1978 suke bi, har kamfanoni suka shiga ƙera gadarta sabuwa fil, kowace tsohuwar mota da nata awon.

Duk da wannan sa'a, su ma ba kyauta suke ci ba. Ƙafar Crown Victoria ta fi ta asali faɗi, sai an nemo wili na musamman kafin taya ta daina leƙowa waje, gaban mota yana sauka ƙasa da inci da yawa, kuma tazarar notin wili tana canzawa daga inci biyar da rabi zuwa huɗu da rabi, sai gaba da baya su daina musayar taya. Mai bidiyo bai tsaya kan waɗannan ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Fijo 504 ba ta da tsanin. Jikinta shi ne shasinta, kamar ƙwarya, ƙarfinta yana cikin yadda aka lanƙwasa ta aka haɗe ta wuri guda. Kuma ƙafarta ta gaba irin wadda ake kira da sunan injiniya Earle MacPherson ce, tsarin da Ford ta fito da shi a motar Consul a Ingila tun 1950: sanda guda a tsaye, shokazoba a ciki, sifirin a kewaye, ƙasanta a kan boljoyin, wato gaɓar ƙarfe mai juyawa, kanta kuma a ɗaure cikin wata hula ta ƙarfe a jikin madigadi na ciki. Buɗe bonet za ka ga hulunan biyu, dama da hagu, da notuna a kansu. Babu hannun sama. Jikin motar ne hannun sama. Inda hular nan take, shi ke yanke yadda taya za ta tsaya, yadda za ta karkata, da yadda sitiyari zai dawo bayan kwana. Wanda ya matsar da ita ya sake zana motar, ko ya sani ko bai sani ba. Wani abin dariya kuma, yawancin ƙananan motocin da ke fitowa yau wannan tsarin dai suke amfani da shi. Ashe ƙafar da aka ce ta zamanin da ce, ita zamani ke kwaikwayo.

Muka sami wani mai walda da aka ce gwani ne, kuma a gaskiya hannunsa na da kyau, ɗinkin waldarsa kamar na tela. Ya ce ya taɓa yi wa mutum biyu. Ya kawo shawarar ƙafar BMW ƙarama ta shekarun 1990, tunda ita ma da tayoyin baya take ja, injinta kuma a tsaye yake kamar na Fijo. Aka samo ta Beljiyam, mai tsabta, ba abin da ya same ta. Ina tsaye ya ɗauko igiya ya ja daga fuskar wili zuwa fuskar wili a motata, ya ƙulla, ya je ya gwada a kan ta Jamus. Ya ɗago yana murmushi.

"Malam, ka gani? Kamar don ita aka yi."

Faɗin kuwa ya zo kusan daidai, wannan gaskiya ne. Awon da aka yi ke nan, daga farko har ƙarshe.

Washegari na dawo na tarar an sauke inji, an kunna wutar gas. Ina kallon harshen wutar shuɗi yana zagaya hular dama, fentin da aka fesa a Kaduna shekara arba'in da suka wuce yana tafasa yana baƙi, warin ƙonannen kwalta na ƙarƙashin madigadi ya cika wurin. Hular ta faɗo ƙasa ta yi ƙara, wani yaro ya sa ƙafa ya ture ta gefe. Gabana ya faɗi a lokacin, amma na ce wa kaina tsufa ne da son tsohon abu. Sandar ta Jamus ta fi tamu gajarta, don haka aka ƙera sabuwar hula da farantin ƙarfe aka sauko da ita. Da aka mayar da inji sai kaskon baƙin mai ya zauna a kan sandar sitiyari. Mai walda bai ɓata lokaci ba, ya yanke mazaunin, ya sauke ta ƙasa kamar yatsa biyu, ya liƙe. Ku riƙe yatsa biyun nan, za mu dawo kansu.

Mako biyar aka yi, kuɗin da ya tafi kuwa ya isa sayen bijimi biyu masu kyau a lokacin.

Makon farko na yi ta yabo. Sitiyari ya yi laushi saboda famfon da aka ɗaura masa, rawar ta tafi, ƙarar ta tafi, a kan sabuwar kwalta motar tana kwanciya a kwana kamar an manna ta. Mutane suna tsayar da ni a bakin masallaci suna leƙa wili. Ɗan ƙanwata ya ɗauki hoto ya watsa wa abokansa.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wilin Fijo noti huɗu ne a kan da'irar milimita 140, na BMW noti biyar a kan 120, don haka na koma yawo da safaya biyu a but, ba wurin buhun masara. Tayar asali inci 14 ce mai tudun gefe, wadda ita kanta rabin shokazoba ce, sabuwar kuwa siririya, kowane tsakuwa sai ta isar da saƙonsa har ƙugu. Gaba ya sauka, baya na nan a sama, mota ta zama kamar akuya tana shan ruwa, kuma tudun rage gudu na unguwarmu da ban taɓa sanin da shi ba ya fara gaisawa da kaskon mai. In na sha kwana sitiyari ba ya dawowa da kansa sai na mayar da shi. Cikin wata biyu tayar dama ta cinye ta ciki har zare ya fito, wajenta kuwa sabo. Na kai wurin masu alaimen na kwamfuta, yaron ya duba allonsa ya dube ni ya ce, "Baba, wace mota zan zaɓa? In na sa Fijo ba ita ba ce, in na sa BMW ba ita ba ce." Ya daidaita bakin tayoyin iya abin da zai iya, ya karɓi kuɗinsa.

Ranar da abin ya kai maƙura, muna hanyar Funtuwa daga Zariya za mu ɗaurin aure, ni da uwargida da jikoki biyu a baya. Gab da Giwa akwai wata 'yar gada da kwalta ta ɗan tashi a bakinta. Gudu na bai wuce casa'in ba, hannuna biyu a kan sitiyari, kuma ban juya shi ba ko kaɗan. Gaban motar na dira daga tudun sai kawai ta yi tsalle hagu, rabin jikinta a hannun masu zuwa, ga tirela ta taso. Na fizgo ta, ta wuce dama har bakin rami, na sake fizgowa. Iskar tirelar ta girgiza mu ta wuce da hon. Uwargida salati kawai take yi. Na gangara gefe na kashe inji, na fi minti goma ban iya sakin sitiyarin ba. Da muka isa ban ci abincin bikin ba, kuma a motar haya na mayar da iyali gida.

Wani abokina ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike a Kaduna, wanda tun yana saurayi Fijo kaɗai yake taɓawa. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa, ya ce a tura ta kan daɓen siminti. Ya ɗauko wani dogon katako miƙaƙƙe, ya ɗaure shi a gefen tayar gaba da roba, bakinsa ya miƙe gaba kamar taku uku. Ya sa alli ya yi alama a ƙasa daidai bakin katakon. Sannan ya kira yaransa uku ya ce su hau gaban motar su zauna. Mota ta nutse. Ba wanda ya taɓa sitiyari, amma bakin katakon ya bar alamar ya tafi gefe, ya fi faɗin tafin hannuna. Yaran suka sauka, ya dawo. Suka hau, ya tafi. Ya ɗaure a ɗaya tayar, ita ma ta tafi, amma ba daidai da 'yar'uwarta ba.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Malam, motarka direba biyu gare ta. Kai kana tuƙi, rami ma yana tuƙi."

A nan ne malamin zane da ke cikina ya farka, a makare. Hannun ƙasa na ƙafa yana lilo ne a kan mazauninsa, bakinsa yana zana baka. Tayarod, wato sandar da ke tura taya daga sitiyari, ita ma tana lilo tana zana nata bakan. Injiniya yana zaɓar tsawonta da tsayin mazauninta don bakan biyu su tafi tare, taya ta hau ta sauka tana kallon gaba. Da aka sauke sandar sitiyarina yatsa biyu don ta kauce wa kaskon mai, sai bakan suka rabu: duk lokacin da ƙafa ta nutse, tayarod na jan taya gefe. Da a ce ɓangarorin biyu sun yi kuskure iri ɗaya, da sun ɗan danne juna. Amma hular dama ta fi ta hagu matsawa gaba da kusan santimita ɗaya da rabi, mun auna da tef a gabana. Wannan ne kuma ya kashe abin da kanikawa ke kira kasta, wato jinginar da sandar ƙafa ke yi baya kamar ƙahon gaban keke, wadda ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa. Cin tayar ta ciki kuwa kamba ce, kan tayar ya kwanta ciki fiye da kima. Kowane ɗayansu darasi ne da na taɓa zanawa a allo da kamfas.

Bai tsaya nan ba. Ya goge gefen sabuwar hular da tsumma ya haska tocila. Ga wani siririn layi kamar gashi yana bin gefen waldar. Waldar kanta lafiya lau, farantin mai kauri ne, amma an liƙa shi ne a jikin fallen mota mai shekara arba'in wanda wuta ta riga ta gasa, kuma duk dukan da hanya ke yi a nan yake sauka. Ya ce da na ƙara wata uku, wata rana sandar za ta fasa ta fito ta bonet.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Allah ya sa ban bar tsohuwar ƙafar a garejin mai walda ba, na kwaso ta a buhu don tunawa da mahaifina. Dattijon ya ce a kawo. Ya baje ta a kan benci ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Bushin, wato robobin mazaunin hannun ƙasa, sun rududduge, yana murza su da yatsa suna zuba kamar busasshen ƙuli-ƙuli, kuma sababbi ne, jabu aka sa mini a gyaran baya. Boljoyin dama yana wasa. Sandar hagu ba ɗigon mai a cikinta, alhali irin wadda ake kwancewa ce a canza mata roba a zuba mai ta koma aiki. Faifan robar da ke haɗa sandar sitiyari ya tsage rabi. Wili ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Shi ke nan ciwon. Ƙarfen ƙafar kansa ba inda ya tanƙware. Kuɗin gyaran duka, da kaya na gaske, bai kai na tayoyi biyun da na ƙone ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, da ma wasu idanun da ba nawa ba.

Mayar da ita ya ci wata huɗu. Sai da aka bi kasuwar Panteka da wasu wuraren aka samo gaban wata 504 da aka daka ta baya, aka ɓalle madigadin ciki duka biyu daga ainihin inda kamfani ya ɗiga waldarsa, ba a tsakiyar falle ba. Dattijon ya ɗora motata a kan turaku, ya daidaita ta da ma'aunin ruwa, ya saki zare mai dalma daga kowane mazauni ya ɗiga alama a siminti, ya auna tsaye, ya auna kwance, ya auna gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa har layukan biyu suka zo ɗaya. Kwana uku yana wannan kafin ya yarda a kunna wuta. Ni ne mai riƙe masa bakin tef, kuma ban taɓa jin daɗin zama yaron wani kamar ranakun nan ba.

Kada a ce na ce kowane sauyi haramun ne. Akwai motar da kayan ƙafarta sun ɓace daga duniya, akwai mai birkin ganga a gaba wadda ba ta iya tsayawa a cunkoson yau, kuma gara a canza mata da a bar ta kaji su yi ƙwai a ciki. Mota mai shasi daban, irin tsofaffin a-kori-kura, ta fi karɓar wannan aiki nesa ba kusa ba. Ita 504 ma tana da 'yan'uwa na jini: 505 da ta fito a 1979 a kan tsarinta aka gina ta, notin wilinsu ɗaya, kuma kanikawanmu sun daɗe suna aron kaya a tsakaninsu ba tare da an kunna gas ba. Birkin gabanta kuwa mai faifai ne tun ranar da ta fito, ba ta jira zamani ba. Abin da nake cewa shi ne, duk aikin da za a ɗaure da noti a kwance da noti, a gwada, in bai yi ba a mayar. Wanda sai an yanka, a tambayi mai yankan abu uku kafin a ba shi makulli: ina zai sa kan sandar, da me zai tabbatar dama da hagu sun zo ɗaya, kuma ina sandar sitiyari za ta zauna bayan an mayar da inji. In ya ɗauko igiya, a ɗauki mota a tafi.

Akwai wani haɗarin da ya fi nawa, kuma na gan shi da idona a wani gareji. Yawancin ƙafafun Beljiyam da ke kasuwa na motocin da ke ja da tayoyin gaba ne. A irin waɗannan, a yawancinsu, kan shaf ɗin da ke juya taya shi ne ke ratsa cibiyar wili, babban notinsa kuma shi ke matse boris, wato zoben ƙarfen da wili ke juyawa a kansa, ya riƙe shi wuri guda. In aka dasa wannan ƙafa a motar da ke ja da baya, sai a ga shaf ba shi da aiki a jefar da shi. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya, har ranar da boris zai rabe biyu wili ya kama gabansa. Na gaya wa mai garejin, ya ce an gode, ban san abin da ya yi ba.

A Jamus, inda ƙafar tawa ta fito, ba ka isa ka canza ƙafa ko sitiyari ka hau titi ba sai injiniyan masu duba motoci ya gani ya amince an rubuta a takardun motar. Tun 1997 kuma suna da lamba ta musamman mai harafin H ga motar da ta shekara 30, da sharaɗin tana nan kusa da yadda aka ƙera ta, don haka mai yanka yana asarar gata, ba ƙari yake samu ba. Ni kuwa na yi wata bakwai ina yawo da mota mai direba biyu, an tsayar da ni ba adadi, an duba takardu, an duba abin kashe gobara, ba wanda ya ce in buɗe bonet. Da ƙungiyoyin kanikawa da masu walda za su sa wa kansu doka cewa ba a sakin motar da aka taɓa mazaunin ƙafarta sai an yi mata gwajin katako da alli, da an rage wani abu. Gwajin ba ya cin ko sisi, katako ne da yara uku.

Ku kuma 'yan jarida, in za ku sake ɗaukar irin waɗannan motoci, bayan fenti da kujeru a durƙusa a ɗauko mana ƙarƙashi, a tambayi mai ita wata nawa tayar gaba ke yi masa.

Ɗan ƙanwata ya zo har gida ya ba ni haƙuri, kansa a ƙasa. Na ce masa, "Tashi, ɗana, kai waya ka nuna mini, ni na miƙa makulli." Yanzu duk hutu yana wurin dattijon nan yana koyon riƙe tef, uwarsa na ƙorafin baƙin mai a riguna.

Watan jiya na sake bin hanyar Funtuwa ni kaɗai, da safaya ɗaya a but. Da na hango gadar nan ta kusa da Giwa sai da tafin hannuna ya yi gumi. Motar ta hau tudun, ta nutse, ta taso, sitiyari bai ko motsa ba. Ƙafar Jamus tana nan bayan gida a jingine da katanga, lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Mai so ya zo ya ɗauka kyauta, da sharaɗin ya zo da BMW ɗin da zai sa wa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka, ya kiyaye mu a hanyoyinmu.

Naku,
Tsohon malamin zanen fasaha,
Zariya.